Haramta Taba a Yamai: Doka Tana Nan, Mai Tada Ta Aka Rasa

Da misalin ƙarfe biyu, rana ta take tsaka, wata taksi ta taso daga Wadata ta nufi Babbar Kasuwa. Mutum huɗu ne a ciki ban da direba: wani dattijo da carbi a gaba, a baya kuma ɗalibi rungume da jaka, da wani magidanci, da wata tsohuwa mai ɗauke da jikanta a cinya. Ana tsayawa a cunkoson farko direba ya laluba aljihu, ya zaro kara ɗaya, ya ƙyasta birike. Iskar da ke shigowa ta tagarsa ta kwashi hayaƙin ta kai shi baya, jaririn ya fara tari.

"Ɗana, don Allah ka kashe ta, yaron nan ƙirji ke damunsa," in ji tsohuwar.

"Yi haƙuri, Inna. Tun safe ban sa komai a bakina ba, ita ce ke riƙe ni." Ya ƙara zuƙa biyu da sauri, sannan ya jefar da guntun ta taga.

Nan gardama ta ɓarke. Dattijon ya ce shi dai da gwamnati za ta ji tasa, da an hana tabar nan baki ɗaya, shigo da ita da sayar da ita da shan ta, kamar yadda aka yi wa ƙwaya. Ɗalibin ya ce, "Baba, ai kowa da ransa, wanda ya ɗebo da zafi bakinsa." Magidancin ya ce ko an hana ma, gobe da safe za a same ta a ƙarƙashin tebur, sai dai kuɗinta ya ƙaru. Tsohuwar ba ta ƙara cewa uffan ba, tana ta fifita wa jikanta da gefen mayafi har aka iso.

Irin wannan muhawara ana yin ta kullum a Yamai, a fada, wato majalisar samari, a tasha, a ƙofar masallaci bayan sallar isha'i. Kowane ɗaya daga cikin mutanen motar nan yana da gaskiyarsa. Amma wadda ta fi kowa gaskiya ita ce wadda ta yi shiru, domin ita da jikanta ne aka shayar da abin da ba su saya ba.

1. Abin da ba ya cikin gardama

Batun ko taba tana kisa an daɗe da rufe shi. Tun 1950 masana biyu a Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna alaƙar sigari da ciwon dajin huhu, a 1964 kuma babban likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar da haka a rahoton da ya girgiza duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 a kowace shekara, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su taɓa kunna kara ba, hayaƙin wasu suka shaƙa. A cikin hayaƙin akwai sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki an san suna haddasa ciwon daji. Cikin waɗanda suka daɗe suna sha ba su daina ba, har kusan rabi ita ce ke zama ajalinsu.

Maganar ɗalibin cewa kowa da ransa tana da daɗin ji, sai dai ta manta da abu biyu. Na farko shi ne jaririn da ke kujerar baya. Na biyu shi ne direban kansa. Nikotin, sinadarin da ke kama mai sha, yana isa ƙwaƙwalwa cikin ƴan daƙiƙu bayan zuƙa, kuma da ya saba wa jiki sai ya koma shi ke ba da umarni. Mutumin da ya ce taba ce ke riƙe shi tun safe ya faɗi gaskiya fiye da yadda yake zato: ta riƙe shi ɗin, riƙon da ba ya iya kwancewa. Hausawa sun ce sabo turken wawa, amma a nan turken yana ɗaure har masu hankali, malamai da likitoci da manyan ma'aikata, domin mafi yawansu tun suna yara aka ɗaure su.

Ga kuma halin da ƙasar ke ciki. Sai a 2021 Nijar ta samu na'urar gasa ciwon daji ta farko, a cibiyar yaƙi da cutar daji da ke Yamai. Mai ciwo daga Difa ko Bilma sai ya keta ƙasar baki ɗaya kafin ya iso gare ta. Ƙasar da magani ke da wannan nisa, rigakafi ya zame mata dole.

2. Gardamar ta girmi kowa

Dattijon da ke neman a hana taba ba shi ne na farko ba, kuma ba daga Turai tambayar ta zo ba. Taba na shigowa ƙasashen Musulmi a ƙarshen ƙarni na 16 malamai suka rabu a kanta. Ahmad Baba na Tumbutu, wanda ilminsa ya kai har Marrakesh, ya yi rubutu a kai wajajen 1607, ya kuma karkata ga halaccinta, domin a ganinsa ba ta gusar da hankali kamar giya. Wasu malaman zamaninsa suka ce haramun ce. A lura, duk wannan kafin a san abin da take yi wa huhu da zuciya ne. Yau da cutarwarta ta bayyana, malamai da dama sun tsaya kan hani, ɗariƙar Tijjaniyya ma ta daɗe da hana mabiyanta.

Masu mulki su ma sun gwada ƙarfi. A 1633 Sarkin Santambul Murad na Huɗu ya hana shan taba, hukuncin wanda aka kama kuwa kisa. An kashe mutane, amma ba a kashe taba ba. Bayan rasuwarsa a 1640 ba a jima ba aka sassauta, daga baya daular ta koma karɓar haraji a kanta.

Misalin da ya fi kusa yana bakin kogin nan da ya ratsa Yamai. Daular Masina da Shehu Ahmadu Lobbo ya kafa, mai hedikwata a Hamdallahi, ta haramta taba a duk inda ikonta ya kai, har da Tumbutu. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya ƙetare kogin a garin Say a 1853 kafin ya isa Tumbutu, ya tarar da taba tana cikin manyan hajojin da ayari ke kawowa daga arewa, duk da kasancewarta haramtacciya. Wannan fa daula ce ta malamai, mai alƙalai da masu sa ido, a lokacin da babu mota babu babur.

A ƙasar Hausa kuwa taba ta yi saiwa tun kafin sigarin kwali ya zo. Ana noma ta a fadamun Gulbin Maraɗi, ana daka ta a haɗa da kanwa a sa a baki, tsofaffin mata kuma sun san furen taba da ake goga wa haƙora tare da goro don ado. Har karin magana ta samu, inda ake cewa taba ta bambanta da garin gero. Duk wanda zai rubuta dokar haramci, ya san har da tsohon da ke ƙauye da ƴar battarsa zai mayar mai laifi.

3. Waɗanda suka gwada a wannan zamani

Ƙasar Butan, can cikin tsaunukan Himalaya, ta hana sayar da taba a 2004, ta ƙara tsaurara dokar a 2010 har aka ɗaure mutane saboda ƴan ƙullin taba. Ƙasa ce ƙarama, jama'arta ba su kai miliyan ɗaya ba, addininsu ma yana ƙyamar abin. Duk da haka fasa-ƙwauri daga Indiya bai tsaya ba. Da annobar korona ta zo, hukumomi suka ga masu satar shigo da taba za su shigo musu da cuta, sai gwamnati da kanta ta buɗe wuraren sayarwa a 2020, a 2021 kuma aka janye hanin.

Afirka ta Kudu ta yi nata gwajin daga ƙarshen watan Maris zuwa tsakiyar Agusta na 2020, lokacin kulle. Wasu sun daina sha, gaskiya ne. Amma mafi yawan masu sha sun ci gaba da samu ta bayan fage a farashi mai tsada, baitulmali ya yi asarar haraji, ƴan sumoga suka yi ƙiba, kafin shekarar ta ƙare kuma kotu ta ce hanin ya saɓa wa tsarin mulki.

To, a ɗora wannan a kan taswirar Nijar. Ƙasa ce mai iyaka da ƙasashe bakwai. Iyakarta da Nijeriya kaɗai ta kai kimanin kilomita 1,500, daga Gaya har tafkin Cadi, kuma duk wanda ya taɓa ganin kwalaben man ruwa-ruwa jere a bakin titin Maraɗi ko Damagaram ya san iya abin da duwan za su iya tarewa. Sigari kuwa ya fi fetur sauƙin ɓoyo: ba ya zuba, ba shi da nauyi, kwali ɗari na shiga buhu ɗaya. Ba sabon abu ba ne ma a wannan yanki. Shekaru da dama ana sauke sigari a tashoshin ruwan Kwatano da Lome, ya bi ta Nijar ya haura Agadas ya shiga Libiya da Aljeriya, har ɗan ta'addan nan Mokhtar Belmokhtar ya samu laƙabin "Mista Marlboro" saboda wannan fatauci. A ƙasar da sojojinta ke fafatawa da ƴan bindiga a Tilaberi da Difa, mayar da sigari haramtacciyar haja daidai yake da buɗe wa maƙiya sabuwar rijiyar kuɗi. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Mai wannan shafi yana jin zafin da dattijon taksi ke ji, yana kuma fatan ganin ranar da ba za a ga kara ɗaya a Yamai ba. Amma a ra'ayinsa haramci na baki ɗaya, a yau, zai cika gidajen kaso da talakawa ne, ya bar taba a inda take.

4. Dokar da ke barci tun 2006

Abin da mutanen motar nan ba su sani ba, ko suka manta, shi ne abin da direban ya yi ya riga ya saɓa wa doka. Nijar ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan yaƙi da taba a 2005. A ranar 15 ga Mayu 2006, zamanin shugaba Tanja Mamadu, aka sa hannu kan doka mai lamba 2006-12, a 2008 kuma aka fitar da ƙa'idojin aiki da ita. Dokar ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a da wuraren aiki da motocin haya, ta hana talla, ta hana sayar wa yara. Nijar ta riga Nijeriya da shekara tara, domin sai a 2015 maƙwabciyar ta yi tata cikakkiyar doka. Ƙungiyoyi irin su SOS Tabagisme sun sha gwagwarmaya kafin a kai ga haka, kuma sun cancanci yabo.

An ga amfanin wani sashe. Waɗanda suka yi wayo kafin 2006 suna tuna manyan allunan tallan sigari a kan tituna, da yadda kamfanonin taba ke ɗaukar nauyin wasanni da bukukuwa suna raba huluna da riguna. Wannan ya ja baya ƙwarai, dalili kuwa a fili yake: allo ba ya gudu, mai shi sananne ne, hukuma na iya zuwa ta sauke shi.

Sauran sassan dokar su ne suka kwanta. A nemi mutum ɗaya a fada wanda ya taɓa ganin an ci direba tara saboda ya kunna sigari da fasinja a mota, za a sha wuya. Ɗan sandan da ke tsayar da taksi yana tambayar takardun mota da na inshora, ba ya duban abin da ke hannun direba. A tashoshin mota, a wasu ma'aikatu, a gidajen abinci, wanda hayaƙi ya dama shi ne ke tashi ya ba da wuri, kamar shi ne mai laifi. Kunya ma tana taimaka wa abin: yaro ba ya iya ce wa babba ya kashe, mace na jin nauyin yi wa namijin da ba ta sani ba magana. Tsohuwar nan ta iya buɗe baki ne don shekarunta sun ba ta dama.

Ireland ce ƙasa ta farko da ta hana shan taba a duk wuraren aiki, har da mashaya, a watan Maris na 2004. An yi ta cewa ba za ta yiwu ba. Ta yiwu, domin an ɗora alhakin a wuyan mai wurin, aka kuma tura masu bincike. Wannan dabara ba ta fi ƙarfin Yamai ba. Idan mai gidan abinci ko shugaban tasha ya san shi za a ci tara, ba sai an kawo jandarma ba, da kansa zai ce, "Malam, fita waje ka sha." Ƙungiyoyin direbobi suna da ikon da za su ladabtar da ɗansu a kan kuɗin layi, abin da ya fi wannan sauƙi ne su ladabtar da shi a kan hayaƙi.

5. Teburin bakin titi

Inda yaƙin yake na gaskiya shi ne wurin mai tebur. A duba teburin da kyau: alewa da cingam a gaba, biskit a gefe, ganyen shayi da sukari ƙulli-ƙulli, sai kwalayen sigari a buɗe, an jera su daidai tsayin idon yaro ɗan shekara goma. Ga birike ɗaure da zare don wanda zai kunna nan take. Ba sai mutum ya sayi kwali ba. Da ƴan canjin da suka rage na kuɗin karin kumallo ana samun kara ɗaya.

Da yamma a wata fada, samari sun kewaye butar shayi, wani ya ɗaga murya ya kira ƙaramin yaro da ke wasa: "Kai ƙane, zo ka karɓo mini biyu wurin mai tebur, canjin naka ne." Yaron ya sheƙa da murna. Ya koyi sunan tabar, ya san farashinta, ya riƙe ta a hannu ya ji ƙanshinta, an kuma ba shi lada. Babu kamfanin da zai iya sayen talla mai ƙarfin wannan. Mai tebur bai tambayi shekarunsa ba, don ya san aike ne. Ranar da yaron zai sayi tasa ma, aike zai ce.

Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Kamfanonin taba sun san wannan lissafi sarai. Kasuwarsu na raguwa a Turai da Amurka, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari na masu shan taba a duniya yanzu suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ne. Har yanzu masu sha a Nijar ba su kai na ƙasashe da yawa ba, mata kuwa ƙalilan ne ƙwarai. Wannan ni'ima ce da za a iya tsarewa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarjejeniyar da Nijar ta sa wa hannu ta nemi ƙasashe su hana sayar da sigari kara-kara, dokar Nijeriya ta 2015 ma ta hana, ko da yake a Kano da Katsina har gobe ana sayarwa. Darasin dai ɗaya ne da na sama: rubutu a takarda ba ya tsare yaro sai an bi shi da ƙafa.

Shisha kuma ta zo ta ɓata lissafi. Ta shigo da ƙanshin tuffa da na'ana'a, ta shiga inda sigari bai taɓa shiga ba, har ɗakunan ƴan mata da bukukuwan aure. Samari da yawa sun yarda ruwan tukunyar yana tace dafin. Ba ya tacewa. Tun 2005 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka yi gargaɗin cewa a zama ɗaya na kamar awa guda mutum na iya zuƙar hayaƙin da yawansa ya kai na sigari ɗari, ga hayaƙin gawayi a kai, ga bakin tiyo ɗaya da ke yawo daga baki zuwa baki a ƙasar da tarin fuka bai ƙare ba. Ruwanda da Kenya sun hana ta a ƙarshen 2017, Mali ta bi sahu a 2022. A nan kam hani yana da ma'ana, domin shisha baƙuwa ce, ba ta yi saiwa ba, tukunyarta ba ta shiga aljihu, gidajen da ake shan ta kuma kowa ya san su a unguwa.

Akwai wata dabara da ake ta magana a kanta a duniya, wato a hana sayar wa duk wanda aka haifa bayan wata shekara, har iya rayuwarsa. New Zealand ta yi dokar a 2022 ga waɗanda aka haifa daga 2009, sabuwar gwamnati ta soke ta a 2024. Tunani ne mai kyau, amma yana buƙatar mai sayarwa ya duba katin shaida. A garin da ba a hana ɗan shekara takwas saye ba tukuna, wannan hawan rimi ne kafin a iya hawan kujera.

6. Farashi, da hannun taimako

Haraji shi ne makamin da aka fi tabbatar da aikinsa. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna idan farashi ya tashi da kashi 10 cikin ɗari, sha yana raguwa da kimanin kashi 4 zuwa 5, kuma yara da masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi saurin janyewa. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar haraji ya kai kashi 75 cikin ɗari na kuɗin kwali. Za a ce tsada ma tana kiran sumoga. Tana kira, amma akwai bambanci tsakanin kasuwar da wani yanki nata ya ɓalle da kasuwar da aka miƙa wa ɓarayi dukkanta; ta farko ana iya bin sawunta da hatimin duwan da haɗin kai da maƙwabta.

Wani kaso na kuɗin kuma ya kamata ya koma kan irin direban nan. Mutum ne mai iyali, yana fita tun asuba, kuma da za a tambaye shi a keɓe, da wuya bai taɓa yunƙurin dainawa ba. Kowace shekara azumi na nuna wa dubban masu sha cewa suna iya wuni ba su kunna ba. Abin da suke rasawa shi ne wanda zai riƙa musu hannu bayan an sha ruwa, da bayan salla. Ma'aikacin lafiya a ƙaramin asibitin unguwa da aka koya wa yadda zai yi wa mai sha magana ta minti biyar, da limamin da zai yi huɗuba a kan haƙƙin maƙwabci da na ɗan da ke cikin ɗaki, ba tare da tozarta kowa ba, za su yi aikin da kurkuku ba zai yi ba.

Ranar 31 ga Mayu za a sake taruwa a yi jawabai kan yaƙi da taba, kamar kowace shekara. Kafin ranar, hukumomin birnin Yamai da ma'aikatar lafiya da shugabannin ƴan sanda su ɗauko doka mai lamba 2006-12, a karanta ta da Hausa da Zabarmanci a gidajen rediyo, a manna ta a cikin kowace taksi da kowace tasha, a janye teburan sigari daga ƙofar makarantu, a kuma fara cin tara a bainar jama'a. Magidanta da samarin fada kuwa, abin da ke hannunsu ba ya jiran gwamnati: daga yau kada wanda ya ƙara aiken yaro sayen taba.